Bakina ya ɗaure a Jamus, 'yata ce ke yi mini tafinta

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah 'yar Zariya ta fito, tana zaune a birnin Dortmund na ƙasar Jamus. Ga abin da ta rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Na biyo maigidana Jamus da yaranmu biyu. Kafin na taso na ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wato A1, a Legas, yanzu kuma ina ajin koyon harshe da ake sa baƙi, mun shiga matakin A2. Abu uku sun tsaya mini a wuya. Na farko kalmar ihr. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, na gaishe ta da ihr don in girmama ta yadda muke ce wa manya ku, sai na ga ta waiga tana neman wanda ke bayanta. Yaran unguwa kuma da suka shigo wasa na ce musu Sie, suka fashe da dariya. Na biyu Dativ, malamarmu har ta gaji da jan layi a ƙarƙashin ich helfe dich. Na uku haruffan nan masu ɗigo biyu a ka. Na so in ce wa malamar 'yata zanen yara ya yi kyau, bakina ya ce schon maimakon schön, yarinyar ta gyara mini a gaban iyayen yara. Tun ranar na kama bakina. Asibiti, makaranta, kanti, duk ita ce ke yi mini tafinta, shekararta tara. Maigida ya ce in riƙa yin Ingilishi kawai tunda ana ji. Ga jarrabawa tana matsowa. Anti, ko dai kaina ne ya tsufa da karatu?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kanki bai tsufa ba. Wadda ta ci A1 tana fama da hidimar yara biyu ba za a ce kanta ya ƙi karatu ba. Da na karanta kurakuran da kika lissafa, abin da na hango shi ne kina bin doguwar hanya: tunanin ya zo miki da Hausa, ki juya shi zuwa Ingilishi, sannan ki nemo masa Jamusanci. A wannan zagayen ne kayan ke zubewa. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ta kai da ke da ku, kuma bai bambanta "ni" da "mini" a wakilin suna ba. Hausa ta bambanta su, Jamusanci ma ya bambanta su. A abu biyu cikin ukun da suka dame ki, harshen da kika sha a nono ya fi Ingilishi kusa da Jamusanci nesa ba kusa ba. Na ukun kuwa aikin leɓe ne da madubi.

Bari in fara da Dativ, don nan ne za ki fi jin daɗin abin da zan faɗa miki.

Idan jaka ta yi miki nauyi, me kike ce wa 'yarki? "Taimaka mini." Idan an yi miki alheri, "na gode miki." Idan kin yi wa mutum laifi, "yafe mini." Idan yaro ya yi shiru kina magana, "amsa mini mana." Wannan mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu da kike furtawa tun kina ƙarama ba tare da kin tsaya tunani ba, shi ne Dativ. Jamusawa suna cewa mir, dir, ihm, ihr, uns, euch, ihnen, sai Ihnen mai babban harafi na girmamawa. Jera su kusa da na Hausa a takarda ɗaya ki liƙa a jikin firiji. Hilf mir, taimaka mini. Ich danke dir, na gode miki. Verzeih mir, yafe mini. Antworte mir, amsa mini. Duk huɗun nan aikatau ne da ake sa ɗalibai haddacewa a matsayin masu wuya, ke kuma a bakinki suke tun tuni. Ich helfe dich da kike rubutawa ya fito ne daga Ingilishi, ko kuma daga "na taimake ki", wanda shi ma Hausa ne mai kyau. Amma idan za ki shiga Jamusanci, ki shiga ta ƙofar "na taimaka miki", sai dir ya zo da kansa.

Akwai wani rukuni da ya fi wahalar da masu tunani da Ingilishi, wato inda abin da ake magana a kansa shi ne mai aikin, mutum kuma shi ake yi wa. Kin shiga kanti kin ga riga, kin ce "rigar nan ta yi mini." Haka Bajamushiya za ta faɗa: Das Kleid gefällt mir. Rigar ce ta yi, ke aka yi wa. Idan takalma ne, "sun yi mini", aikatau ya koma jam'i a harsunan biyu: Die Schuhe gefallen mir. Abinci ya yi mini daɗi, das Essen schmeckt mir. Rigar sanyin ta yi masa daidai, die Jacke passt ihm. Wandon ya yi mini yawa, die Hose ist mir zu groß. Wanda kuma ya fi muhimmanci a gare ki, tunda kin ambaci asibiti: kai yana mini ciwo, der Kopf tut mir weh, ciki yana mata ciwo, der Bauch tut ihr weh. Kin ga wannan jimlar ba ki buƙatar tafinta a kanta.

Ba zan ce miki ko'ina suka dace ba, don ba haka ba ne. Muna cewa "na bi shi", su kuma folgen Dativ yake ɗauka, ich folge ihm. Muna cewa "na yarda da ke", su ce ich glaube dir ko ich vertraue dir. Muna cewa "nawa ne", su ce das gehört mir. "Ina kewarki" a wurinsu juyewa yake yi, du fehlst mir. Sanyi ma haka, mir ist kalt, kada ki ce ich bin kalt, don wannan yana nufin jikinki ne ko halinki mai sanyi ƙarara. Waɗannan 'yan kaɗan su ne na hadda. Ko a nan ma sau da yawa za ki iya lanƙwasa Hausar ta zo daidai: zuhören ki riƙe shi a matsayin "kasa mini kunne", gratulieren kuma "yi mata barka". Sai ki yi hattara da guda biyu da ke jan mutane ta ɗaya ɓangaren. Fragen da anrufen ba sa ɗaukar Dativ. Ich frage dich, ich rufe dich an. Ki tuna su da "na tambaye ki" da "na kira ki". Idan kika tuna da "na buga miki waya", dir zai kuɓuce miki a inda bai dace ba.

Shawarata a nan ita ce ki daina rubuta aikatau shi kaɗai a littafinki. Kada ki rubuta helfen sannan ma'anarsa. Ki rubuta gajeriyar jimla sukutum da mutum a cikinta: Ich helfe meiner Tochter. Ich danke dem Arzt. Das gehört den Kindern. Idan suna ya zo a madadin wakilinsa, der da das su koma dem, die ta mace ta koma der, jam'i ya koma den kuma sunan ya ƙara n a ƙarshe idan ba shi da ita kuma bai ƙare da s ba. Wannan der na mace shi ke rikita mutane, su ga der Frau su zaci an yi kuskure. Ba kuskure ba ne, "wa matar" ake nufi: ich helfe der Frau, ina taimaka wa matar. Tambayar Dativ kuwa wem ce, wato "wa wa aka yi wa?"

Wani abu da zai kwantar miki da hankali: a yankin Ruhr inda kike zaune, tsofaffin 'yan gari da kansu an san su da sa mich a gurbin mir a maganar titi, har ki ji an ce gib mich. Mutanen Balin kuma an san su da akasin haka, su sa mir a gurbin mich. Ba ina ce miki ki kwaikwaye su ba, a jarrabawa za a rage miki maki. Ina so ne ki san cewa kunnen mutanen Dortmund ya saba da jin wannan musayar, babu mai kanti ko direban bas da zai kasa gane ki saboda ita. Ba dalilin yin shiru ba ce.

Yanzu ihr. Abin da kika yi wa tsohuwar nan tarbiyya ce ta sa ki, kuma ina so ki daina jin kunyarsa. Mu ku ɗinmu aiki biyu yake yi, jam'i da girmamawa. Jamusawa ma sun yi ƙarnuka suna girmama mutum ɗaya da Ihr, a tatsuniyoyinsu da shi ake magana da sarki, kuma har yau a wasu karuruwan harshe, kamar na yankin Bern a Suwizalan, ana yin haka. Wajen ƙarni na 18 ne Sie ya ƙwace wannan matsayi a daidaitaccen harshe. Saboda haka yau ku ɗinmu ya rabu gida biyu a wurinsu. Ku na girmamawa shi ne Sie, ko mutum ɗaya ne ko goma. Ku na taron waɗanda kika saba da su, waɗanda kowannensu za ki ce masa du, wato kai ko ke, shi ne ihr: 'ya'yanki, yaran unguwa, ƙawayenki na aji, dangi. Kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki abu ɗaya: da mutum ɗaya ne a gabana, du zan ce masa ko Sie? Idan du ne kuma suna da yawa, ihr. Idan Sie ne, Sie zai zauna komai yawansu. Yara kullum du da ihr ne. Babban da ba ki saba da shi ba, Sie, har sai shi ya ba ki izinin du, kuma al'adarsu babba ne ke fara miƙa wannan tayin. Za ki ji matasa sun shiga shago sun ce habt ihr suna nufin shagon da ma'aikatansa gaba ɗaya. Ki ji ki gane, amma ke ki tsaya a haben Sie, ba za ki taɓa yin laifi da shi ba.

Gina aikatau na ihr ya fi na du da na er (wato shi) sauƙi, sai dai littattafai ba sa cika faɗa wa ɗalibi haka ƙarara. Ki ɗauki aikatau yadda yake a ƙamus, ki cire en, ki sa t. Machen, ihr macht. Kommen, ihr kommt. Idan saiwar ta ƙare da t ko d, ki sa et don baki ya samu wurin juyawa: ihr arbeitet, ihr wartet, ihr findet. Ga babban sirrin: duk sauye-sauyen wasalin da kika sha wuyar haddacewa saboda du da er, ihr babu ruwansa da su. Du fährst, er fährt, amma ihr fahrt. Du schläfst, ihr schlaft. Du liest, ihr lest. Du sprichst, ihr sprecht. Du nimmst, ihr nehmt. Du isst, ihr esst. Du hilfst, ihr helft. Kullum yana komawa ga wasalin asali. Wannan doka ce ta sa a su können abin yake fitowa a juye: ich kann ba ɗigo, amma ihr könnt da ɗigo, saboda können na ƙamus yana da shi. Haka ihr müsst, ihr dürft, ihr mögt. Wollen da sollen ba su da ɗigo tun asali, sai ihr wollt, ihr sollt. Wissen ya ba da ihr wisst, haben ya ba da ihr habt, werden ya ba da ihr werdet. Guda ɗaya ne ya fita daga layi baki ɗaya, sein: ihr seid, da d a ƙarshe. Seit mai t wata kalma ce daban mai nufin "tun", furucinsu ɗaya, kuma 'yan ƙasa ma suna cakuɗa su a rubutu.

Kuma kina da abin da yawancin 'yan ajinku ba su da shi: yara biyu a gida, ga na maƙwabta suna shigowa. Umarni ga jam'i shi ne wannan sigar dai, a cire ihr kawai. Kommt! Esst! Wartet! Seid leise! Steht auf! Wascht euch die Hände! Zieht euch an! Hört mir zu! Euch kuma ba ya sauyawa, shi ne "ku" na karɓau, shi ne "muku": ich sehe euch, ich helfe euch. Ki ware lokacin shirin makaranta da safe, daga tashi zuwa fita ƙofa, ya zama na Jamusanci. Umarnin da kike ba su kullum bai wuce goma ba, kuma kowace safiya sai kin maimaita su. Kafin wata ya zagayo, t ɗin nan zai zauna a harshenki.

Abu ɗaya zan ƙara don kada ya ruɗe ki a karatu: ihr yana da wasu ayyukan. A ich helfe ihr yana nufin "mata". A ihr Kind yana nufin "ɗanta" ko "ɗansu". A Ihr Kind mai babban harafi, "ɗanku" ne na girmamawa, irin wanda za ki gani a takardun makaranta. Alamar ihr na "ku" ita ce shi ne mai aikin a jimlar, aikatau kuma yana ɗaukar sigar da ta dace da shi.

Sai masu ɗigo biyu, Umlaut. Ki ɗauke su yadda kike ɗaukar lanƙwasar ƙ da ɓ da ɗ a rubutunmu: wanda ya ce baki yana nufin baƙi, ko kafa yana nufin ƙafa, ai ya faɗi wata kalma ce daban. Ɗigon nan ragowar ƙaramin e ne da marubutan da suke ɗorawa a saman harafi, shi ya sa idan na'ura ba ta da su ake rubuta ae, oe, ue. A waya ki danne a ko o ko u ki riƙe, za su fito. Kada ki saba rubutu babu su.

Ä ba matsala ba ne, ki sauke shi daga kanki. Gajerensa e ne kawai, Äpfel da Männer ki faɗe su da e. Dogonsa, kamar a Käse, buɗaɗɗen e ne, kuma Jamusawa da yawa, musamman a arewa, da e na yau da kullum suke faɗinsa. Äu kuwa "oi" ne, daidai da eu: Häuser, Bäume.

Ö da ü ne babu su a cikin wasulanmu biyar. Dalilin da ya sa suke ƙi miki shi ne idonki yana ganin o da u, sai bakinki ya tashi daga can. Daga can kuwa ba a isa. Ü daga i ake zuwa masa, ö daga e. Tsaya gaban madubi. Ja dogon i irin na kifi, iiii, ki lura da inda harshenki yake, can gaba yana kusa da dasashi, gefensa yana taɓa haƙoran sama. Kada ki motsa shi ko kaɗan. Kina cikin jan sautin, ki tattaro leɓɓanki ki turo su gaba su zama ƙaramin zagaye. Sautin da ya fito shi ne ü. Za ki ji harshen yana so ya gudu baya da zarar leɓe ya zagaye, don a Hausa duk lokacin da leɓe ya zagaye harshe baya yake komawa. Hana shi gudun shi ne dukan aikin. Ki yi ta kai da komo: Tier, Tür. Vier, für. Liegen, lügen. Sannan ö: ja dogon e irin na keke, eeee, harshe ya tsaya cak, leɓe ya zagaye amma bai kai matsewar na ü ba. Lesen, lösen. Kennen, können. Don schön, ki fara da "sheen", ki zagaye leɓe a tsakiya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun huta da wannan, don ü shi ne u na tu, ö kuma shi ne eu na peu. Idan akwai 'yar Maraɗi ko Damagaram a cikin ƙawayenki, ki sa ta ta riƙa faɗa kina kallon bakinta.

Kunnenki ma yana da horon da ba ki lissafa ba. Ke da kike rarrabe gari na mutane da gari na tuwo ta tsawon wasali, ba za ki sha wuyar jin bambancin füllen da fühlen ba, ko Hölle da Höhle, ko Stadt da Staat. Idan h ya biyo wasali, ja shi. Idan baƙi biyu iri ɗaya suka biyo shi, gajarta.

Me ya sa na nace a kan ɗigon nan? Saboda nauyin da suke ɗauke da shi. Su ne ke raba uwa da iyaye mata, Mutter da Mütter, 'ya da 'ya'ya mata, Tochter da Töchter, Bruder da Brüder. Su ne ke cikin kwatanci, alt da älter, groß da größer. Kuma, ƙanwata, ladabin da kika je nema a ihr, a nan yake zaune. Ich hatte yana nufin "na taɓa samu", ich hätte gern shi ne "don Allah ina son". Ich mochte, "na so a da"; ich möchte, "ina so" cikin ladabi. Konnten Sie tambaya ce kan abin da ya wuce, könnten Sie roƙo ne mai taushi. Mace mai kunya da girmama mutane irinki, kalmominta na yau da kullum a Jamus su ne möchte, hätte, könnte, würde. Idan guda huɗun nan kaɗai kika gyara, maganarki za ta sauya kama a kunnen mai sauraro.

Ga jimla ɗaya da ta haɗa matsalolinki uku a wuri guda: Könnt ihr mir helfen? Za ku iya taimaka mini? Akwai ö, akwai ihr da t ɗinsa, akwai mir. 'Yar'uwarta ta manya ita ce Könnten Sie mir helfen? Ki faɗi ta farko ga yara duk lokacin da za a kwashe kwanuka, ki faɗi ta biyu a kanti ko tashar jirgi ko da kin san inda abin yake. Ki ɗauki muryarki a waya kina faɗinsu, ki saurara, ki gwada da ta 'yan ƙasa. Ƙamus ɗin Duden na intanet yana da muryar furucin kalmomi da yawa. Tashar DW, wadda sashenta na Hausa kika sani tun a gida, tana da darussan Jamusanci kyauta, ciki har da Nicos Weg da ya tashi daga A1 zuwa B1, matakin da ke gaba da A2. Ƙungiyar makarantun manya ta Volkshochschule ma tana da nata dandalin koyo kyauta, vhs-Lernportal. Kada ki tara su duka, ki zaɓi ɗaya ki lazimce shi minti goma sha biyar kullum, da murya a fili. Karatun zuci ba ya horar da leɓe.

Maganar 'yarki ita ce ta fi taɓa ni a wasiƙar. Ba raini ta yi miki ba. Yaro a makarantarsu gyara ake yi masa kullum, shi ma abin da ya gani yake yi, kuma wataƙila ita ma kunyar ce ta kama ta. Ki zaunar da ita ku biyu, da Hausa, ki ce mata kina son ta zama malamarki ta furuci a gida, ta gyara miki iya son ranta, amma a gaban mutane ta bari sai kun dawo. Yaro idan aka ba shi matsayi yana riƙe sharaɗinsa. Sannan ki sauke mata tafinta, musamman a asibiti. Yarinya 'yar shekara tara bai kamata ta riƙa jin ciwon uwarta daga bakin likita ba, balle a ɗora mata nauyin fassara maganar magani, inda kuskure ɗaya zai iya cutarwa. Idan maganar mai nauyi ce, ki tafi da maigida ko wata babbar mace da ta iya harshen, ko ki tambaya tun wajen karɓar lokacin ganin likita ko akwai mai fassara. Idan ƙarama ce, ki rubuta jimlolinki uku a takarda ki tafi ke kaɗai. Kuma don Allah kada neman Jamusanci ya sa ki kashe Hausa a gidanki. Jamusanci zai same su a makaranta da titi ko kin so ko kin ƙi. Hausa kuwa idan ba daga bakinku ba, babu inda za su ji ta. Safiya ta Jamusanci, sauran yini na Hausa.

Maigida kuma sauƙi yake nema miki, ki gode masa, amma ki nuna masa lissafin. Taron iyayen yara da Jamusanci ake yi. Wasiƙun ofishin baƙi da na inshorar lafiya da Jamusanci suke zuwa. Takardar zama ta dindindin a ƙa'ida tana buƙatar B1, zama ɗan ƙasa ma B1. Ingilishi zai iya sayo miki burodi, amma ba zai ba ki waɗannan ba. Ki roƙe shi abu ɗaya: idan kun fita tare, ya bar ki ki fara magana, ya shigo kawai idan kin waiwaye shi. Tsohuwar maƙwabciyarki ma kada ki guje ta. Gobe idan kun haɗu a matakala ki ce Guten Tag, wie geht es Ihnen? Idan tana ɗauke da kaya, kann ich Ihnen helfen? Tsofaffi da yawa a can su kaɗai suke zaune, suna da lokacin hira, kuma a hankali suke magana.

Game da jarrabawa: kwas ɗin da kike yi a ƙa'ida darasi 600 ne na harshe da 100 na sanin ƙasa, kuma ɓangaren harshen yana ƙarewa da jarrabawar DTZ, wadda ke ba mutum A2 ko B1 gwargwadon ƙoƙarinsa. Akwai sauraro da karatu, akwai rubuta gajeriyar wasiƙa, akwai magana. Ba a samun B1 gaba ɗaya sai an samu B1 a magana tare da ɗaya daga sauran ɓangarorin biyu, saboda haka shirun nan da kika ɗauka shi ne abin da ya fi yi miki barazana, fiye da kowane dich da ya zauna a gurbin dir. Masu jarrabawar suna duba ko kin isar da saƙo kuma kin iya riƙe hira, kuskuren nahawu jefi-jefi ba ya kayar da mutum a wannan mataki. Yawanci mutum biyu ake shigarwa tare, kuma a kashi na ƙarshe za a ce ku shirya wani abu tare, kamar walima ko ziyarar mara lafiya. Ki nemi ƙawa ɗaya a ajinku tun yanzu, ku roƙi malamarku samfurin jarrabawar, ku riƙa gwada wannan kashin sau biyu a mako, ko ta waya ne bayan yara sun yi barci. A wasiƙar kuma, kafin ki rubuta kalma ɗaya, ki duba wa ake rubuta wa: idan ofis ne ko mai gida ko malamar makaranta, Sie da Ihnen da babban harafi daga farko har ƙarshe, idan ƙawaye ne biyu, ihr da euch.

Allah ya ba da sa'a, ya raya yaran. Ki rubuto mini bayan jarrabawar.